Inuwar Furen Kabewa

Litinin, da hantsi

Auta ce ta saya mini wannan littafin. Wai likita ya ce in riƙa rubuta yadda na tashi kowace rana, don in ya tambaye ni in daina ce masa lafiya lau. To ga shi na rubuta: lafiya lau. Layukan littafin manya-manya ne, irin na 'yan aji ɗaya. Ba ta ce komai a kan wannan ba, ni ma ban ce ba.

Kabewar bayan ɗakin zane ta fara fure. Ba wanda ya taɓa shuka ta. Tun ina ɗalibi a makarantar nan take fitowa a kan jujin da muke zubar da guntayen gawayi. Na gama, na dawo malami, kai ya yi fari, ita kuwa tana nan duk shekara, ba ta san ritaya ba. In ta yi fure lokacin wasan ya zo, kuma 'yan shekarar farko har sun fara tambaya, don manyansu sun ba su labari.

Wasan ba wani abu ba ne. A tsinko fure ɗaya da sassafe, a sa shi a kofi a tsakiyar dogon teburi, kowa ya zana shi da gawayi kafin rana ta ɗaga, don furen kabewa ba ya jiran kowa, kafin azahar ya rufe fuska. Ba a sa suna. A liƙa zanen duka a bango a cakuɗe, ni kuma in shigo in bi su ɗaya bayan ɗaya ina cewa wannan hannun mace ne, wannan na namiji. Mai zane ya ɗaga hannu a gani. Wurin Tsohon Malam na gaji wasan, Allah ya ji ƙansa, shi yakan yi kuskure jefi-jefi. Ni tunda na karɓi ajin ban taɓa yi ba. Ba yabon kai ba ne, littafina ne, ba mai karantawa sai likita, shi kuwa ba na jin zai kai nan.

Talata, bayan azahar

Na haɗu da shugaban sashe a baranda sanye da doguwar farar riga, na ce masa, yarinya, yi sauri aji ya fara. Ya yi dariya, na yi dariya. Tasa ta ɗan yi tsawo fiye da yadda maganar ta kai. Sannan ya tambaye ni ko ina son a ba ni mai taya ni duba aikin ɗalibai wannan zangon. Na ce ina da hannu biyu. Ya ce ba hannu yake nufi ba.

Laraba, da yamma

Asibiti. Baƙon da ya sauka a idona na dama bara ya riga ya cinye ɗakin, yanzu ya fara shimfiɗa tabarma a na hagu. Likitan yaro ne mai sanyin yatsu, yana magana da Auta yana kallona, kamar mai sayar da mota a gaban mai ita. Ya sa ranar aiki, wata Alhamis kafin ƙarshen wata. Ya ce ko a ceci abin da ya rage, ko a tashi babu. In ba a taɓa ba kuwa, babun tana nan tafe, a ƙafa dai za ta zo. Auta ta yi ta tambayoyi tana rubutawa. Ni na tambaye shi ko zan iya shiga aji gobe. Auta ta harare ni. Harararta har yanzu ina gani sarai.

Alhamis, bayan la'asar

An yi wasan.

Na bar su da furen na zauna a baranda ina jin ƙarar gawayi a kan takarda. Wanda bai taɓa ji ba ba zai gane ba, kamar kaji suna tonon busasshen ganye. Ƙamshin ɗakin bai canza ba tun zamaninmu: ƙurar gawayi, da tsakiyar burodi da ake murzawa a ɗauke baƙi inda ya yi yawa, da ruwan ƙaro da ake fesawa don kada zanen ya kakkaɓe. Rabin burodin cikin 'yan aji yake ƙarewa, wannan ma bai canza ba.

Da na shiga na tsaya nesa da bangon, na goya hannu a baya, yadda na saba, kamar gwaninta ce ta hana ni matsawa. Na fara: wannan mace, ku dubi yadda layin ya lanƙwasa bai yi faɗa da takarda ba. Wannan namiji, ya shiga furen da takalmi. Hannuwa suna tashi, aji yana shewa. Har wata yarinya da na laƙaba wa Maƙeriya, saboda tana danna gawayi kamar mai dukan ƙarfe, ta yi niyyar kayar da ni, ta ce yau sai Malam ya faɗi. Na zo kan nata na ce mace ce, amma ta yi fushi da furen. Ta ɗaga hannu tana ƙunƙuni. Ban kuskure ko ɗaya ba. Shugaban sashe yana bakin ƙofa, ya tafa, ya tafi da kunyarsa.

Ya kamata in ji daɗi.

Juma'a, da safe

Ban ga layi ko ɗaya ba jiya. Gara in rubuta shi a nan. Daga inda na tsaya, abin da nake gani farar takarda ce da dunƙulen baƙi a gefe. Lanƙwasar da na yi ta yabo, daga baki ta fito, ba daga ido ba. Amma na faɗa daidai. To me na gani?

Asabar, da hantsi

Dogo ya zo shan shayi kamar kowace Asabar. Ajinmu ɗaya a makarantar nan, shi ya bi zanen allunan shaguna har gwiwa ta ce ya sauko daga tsani. Ƙaton mutum ne, yatsunsa kamar ayaba, in ya riƙe kofi sai ka tausaya wa kofin. Ya tambayi idon, na ce yana gaishe shi. Ya ce Auta ta gaya masa ranar. Na ce Auta rediyo ce. Muka koma zagin matasan yanzu masu zane da waya, muka ji daɗinmu.

Da zai tafi ya tsaya gaban zanen falo ya gyara masa zama, don kullum firam ɗin yana karkata. Ya daɗe yana yin haka, duk zuwa. Ni na ɗauka tsabar son gyara ne irin na masu allo.

Litinin, bayan azahar

Na je ɗakin zane kafin kowa, na zauna a kujerun yara. Taga ɗaya ce babba a ɗakin, a can kan teburin. Mata suna zama a wannan gefe, maza a wancan, suna fuskantar juna, furen a tsakiya. Ba wanda ya taɓa sa wannan doka. Haka muka tarar, haka muka zauna, haka jikokinmu suke zama. Na ajiye kofi a tsakiya na zauna a gefen mata: taga tana hagu, inuwa ta faɗi dama. Na zagaya gefen maza, gwiwa tana ƙara: taga tana dama, inuwa ta faɗi hagu.

Shi ke nan. Ilimin da aka san ni da shi ke nan, har ana kawo baƙi su kalla. Ido ya daɗe da sanin abinsa bai gaya wa mai shi ba, ya bar baki yana ta wa'azi a kan taushin hannun mata. Sai da layukan suka tafi, inuwar ta rage ita kaɗai, sannan na gan ta.

Na yi dariya ni kaɗai har mai shara ya leƙo. Kakata, wadda ta raine ni da tatsuniya, takan ba da labarin wani mai duba da ke gane ɓarayi da warin jiki, ashe ƙafafunsu yake kallo ta ƙasan labule. Ina yaro nakan ji haushin mutumin. Yau na ga aƙalla shi ya san abin da yake kallo.

Dariyar ta raka ni har gida. A bakin ƙofar falo ta tsaya.

Litinin ɗin dai, da yamma

Inuwar zanen falo tana hagu.

Talata, da safe

Lafiya lau. Na ɗiga maganin. Na karya a kicin, Auta ta ce yau kuma me falon ya yi mini.

Laraba, da hantsi

Likita, in ka kai nan, ka yi haƙuri, wannan ba na ido ba ne. Ko kuwa na idon ne, ban sani ba.

Muna shekarar farko Tsohon Malam ya yi mana wasan. Da ya gama nasa yakan ce wani ɗalibi ya gwada. Ni lokacin ina da gashi da baki, na miƙe. Akwai wata yarinya a gefen mata, mai ɗan gibi, wadda na yi wata biyu ina aron abin feƙe fensir a wurinta alhali nawa yana aljihu. Na bi bango ina neman nata. Na wuce wani baƙin zane mai nauyi, wanda mai shi bai ma kula da fuskar furen ba, ya juya ya zana ƙasansa, inda ɗan ƙullin kabewa yake kumbura. Na ce wannan maƙeri ne, kuma da yunwa ya zo, abincin ya zana. Aji ya fashe. Sai na iso kan wani, fure kamar an hura shi da baki, ko'ina laushi, gawayin da ƙyar ya taɓa takarda. Na ce wannan hannun mace ne, kuma ba kowace mace ba. Na yi magana mai tsawo. Na ce mai wannan hannun ba za ta taɓa rufe ƙofa da ƙarfi ba. Na ƙare da cewa in Allah ya yarda mai wannan hannun zan aura.

Aji ya rikice, ana buga teburi. Tsohon Malam ya ce to mai hannu ta ɗaga, ba wanda ya ɗaga. Na saci kallon mai gibin, ta sunkuyar da kai kafaɗunta suna rawa. Na ce kunya ce. Bayan an tashi na ciro zanen na bi ta har bakin ƙofar makaranta na miƙa mata. Ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Ajiye shi, tunda kai ka gan shi."

Na ajiye. Ya bi mu gidan haya uku, ya ga haihuwar yara biyar. Ita take goge masa gilashi duk ƙarshen mako, har makon da ta kwanta. Duk baƙon da ya shigo sai na ba shi labarin, tana kawo ruwa tana cewa, Malam, ka bar mutane su huta. Shekara shida ke nan da rasuwarta, kuma duk safiya shi nake fara gaisarwa.

Gefen mata ta zauna ran nan. Na tuna, don gefen nake kallo.

Alhamis, bayan la'asar

Na sa yara sun sauya gefe, maza nan, mata can, wasu na cakuɗa su. Suka yi ta gunaguni kamar na ce su sauya iyaye. Aka tsinko fure, aka zana, aka liƙa. Na ce yau ku za ku faɗa. Suka yi ta faɗa da irin kalmomina, wannan layin mai kunya ne, wannan mai gadara, suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Wani zane da aji duka ya rantse na mace ne, sai ga wani ɗan dambe ya ɗaga hannu daga baya yana sosa ƙeya. Sannan na nuna musu tagar. Suka dubi tagar, suka dubi inuwar zanensu. Maƙeriya ta ce, to Malam, duk watannin nan da kake cewa in sassauta hannu, don me? Na ce don in ga ko za ki ji magana. Ta ce ba ta ji ba. Na ce na lura.

Ƙarya na yi mata, kuma ta sani. Ta ba ni rabin burodinta.

Juma'a, da yamma

Ban shiga falo ba.

Matar da take fasa takarda da biro in tana sa hannu a katin makarantar yara. Matar da in za mu tsallaka titi ta kama hannuna sai ya kwana yana tunawa. Ƙofa kuwa, maƙwabta da ita suke sanin ta dawo daga aiki. Bayan mun gama makaranta ta koma koyar da lissafi, ta ce zane bai karɓe ta ba. Sau nawa na kawo mata takarda mai kyau na ce ta sake yi mini irin wancan, ko ɗaya ne. Takan yi dariya ta ce hannun ya tafi. Wata rana ba ta yi dariyar ba, ta ce, Malam, wanda ke bango bai ishe ka ba? Na ɗauka gajiya ce.

Amma takan zana wa yara a bangon bayan kicin da gawayin murhu. Shanu masu ƙaton wuya, motoci, wata mata mai tulu da ta fi gidan tsawo. Baƙi ƙirin, ruwan sama biyu ba ya wanke su. Nakan wuce in ce wasan yara ne. Ni malamin zane.

Asabar, bayan azahar

Dogo ya zo. Na sa Auta ta kai mana shayin falo. Na bari ya sha rabi, ya gama labarin gwiwarsa, sannan na ce, "Dogo, ran wasan Tsohon Malam, ina ka zauna?"

Ya ce wa zai tuna wurin zama bayan shekara arba'in da ɗoriya.

Na ce, "Zanen can na wane ne?"

Ya leƙa cikin kofinsa ya ce sukarin yau bai ji ba. Ya kira Auta ya tambaye ta lafiyar mijinta da ya gani jiya. Ya ce yana da wani uzuri a gidan ɗansa. Mutumin da sai an yi kamar za a share falo yake tashi, yau bai ƙarasa shayi ba. Ya fita bai gyara firam ɗin ba.

Lahadi, da safe

Firam ɗin a karkace yake. Na bar shi.

Litinin, da yamma

Na kira wayar Dogo, jikarsa ta ce ya fita tun safe. Auta ta haɗa mini jakar asibiti, ta kwance, ta sake haɗawa. Ta ce tun makon jiya ba na cin abinci, in tsoron aikin ne in faɗa, ba abin kunya ba ne. Na ce eh, tsoron aikin ne. Ya fi sauƙin bayani.

Abin da ban gaya mata ba: na ɗauko zanen na kai shi bakin taga, na sa hanci a gilashi. Ba na ganinsa. Laushin nan da na yi shekaru ina yabo, shi ya fara tafiya. Toka-toka ne kawai, da ɗan duhu a hagu. Da ina cewa ko me ya faru ran Alhamis, na riga na haddace hannunta, zan tafi da shi cikin duhun. Yanzu ban san hannun wa na haddace ba. Nata kuwa, in wanda nake zato ne, sau ɗaya na kalle shi, kallon neman abin dariya. Bangon kicin an yi masa fenti tun bikin Auta.

Talata, da hantsi

Na yi sallama da aji. Na ce hutu zan ɗan yi. Shugaban sashe ya riƙe hannuna da hannu biyu, yau da baƙar riga ya zo, ina jin don ni. Kabewar ta fara ƙulla 'ya'ya.

Dogo shiru.

Laraba, bayan la'asar

Ya zo da azahar, ba ranarsa ba, gumi har gwiwa, da yanar gizo a hularsa, da wani abu mai faɗi a hammata an naɗe shi da tsofaffin jaridu. Bai yi sallama da kyau ba ya zube a kujera ya ce wa Auta ta ba shi ruwa, ubanta ya kusa kashe shi.

Na ce na ɗauka gudu ya yi.

Ya ce, "Gudu da wace gwiwar? Nema na tafi. Na san yana cikin kayana, ban san gidan wane ɗa kayan suke ba. In ce maka akwai, in zo in tarar gara ta cinye, da wane ido zan dube ka?"

Na ce ido ba matsala ba ne yanzu. Bai yi dariya ba. Ya sha ruwa, ya nuna bango da haɓa.

"Nawa ne. Shekara arba'in da ɗoriya ina jiran ka turo magabatanka, shiru. Ka yi alkawari gaban aji, ka je ka auri wata."

Auta tana bakin ƙofa da tire, ta ce, Baba Dogo, me kake cewa? Ya ce ta zauna, ita ma yau za ta san wanda ya kamata ya zama uwarta.

Ya ce ran nan hannunsa ya fara tashi, sai ya ji na kai wurin aure, ya mayar da shi ƙarƙashin teburi. Ƙaton saurayi irinsa, a ce hannun mace gare shi, har ya gama makaranta ba zai sake jin sunansa na gaskiya ba. Ya ce tun daga ranar ya koma danna gawayi da gangan, har ya saba, shi ya sa allunansa ake karanta su daga tsallaken titi. Amma ya yi niyyar gaya mini a keɓe. Yana wanke hannu a famfon bayan aji sai ga ta, hannu baƙi har gwiwar hannu. Ta ce masa in ya buɗe baki sai ta karya masa yatsun nan masu laushi. Ta miƙa masa nata a nannaɗe, ta ce ya riƙe, tunda an sace nasa.

Na ce, to don me?

Ya ce shi ma ya tambaya. Ta ce ba ta taɓa jin namiji ya tsaya gaban mutane ya yi wa fure magana haka ba, ko da furen ba nata ba ne, kuma tana so ta ji abin da zai ce a kan sauran abubuwa. Bayan mun yi aure ya sake tayar da maganar, sau biyu ko uku. Na ƙarshe a asibiti ne, ina waje wurin karɓo magani.

"Ta ce in ka tambaya da bakinka, in ba ka. In ba ka tambaya ba, in bar ka da naka, kana jin daɗinsa."

Na ce ta ji haushin maƙerin?

Ya ce, "Ta ji mana. Ta ce amma ba ka yi ƙarya ba, da yunwa ta zo ran nan."

Auta ta kwance jaridun. Takardar ta yi ja, gefe ɗaya ɓera ya ɗanɗana. Za ta kawo mini kusa da fuska yadda ta saba yi da komai yanzu, na ce ta tsaya, ta kai shi can jikin bango.

Ina ganinsa. Daga kujerata, tsawon falo guda, ina ganinsa. Watanni ke nan ban ga abu da bakinsa da iyakarsa ba, fuskar Auta ma sai na haɗa da murya. Wannan kuwa ga shi nan tsaye, baƙi ƙirin. Ƙullin kabewar ya cika tsakiyar takarda, mai nauyi, kamar ka sa hannu ka ɗauka, furen yana sama ya fara sunkuyawa, ta ba shi layi uku kawai ta sallame shi. A wuri ɗaya gawayin ya karye mata, ta ci gaba da guntun, ana ganin inda ya yi tsalle. Inuwa a dama. Wuyan shanun bangon kicin ne, hannun da ke kama ni a bakin titi.

Na tuna wata safiya a gidanmu na farko, ta tsinko furen kabewa biyu ta ce in faɗi wanne ne mace, tunda ni gwani ne. Na zaɓi wanda ya fi buɗewa. Ta juya su ta nuna mini ƙasansu, ɗaya siririn kara, ɗaya da ɗan ƙulli. Ta ce ba a fuska ake ganewa ba, Malam. Ta tsaya tana kallona kamar mai jiran wani abu. Na ce abin sha'awa, na tafi aiki.

Ban san tsawon zaman da na yi ba. Dogo ya yi ta hura hanci yana cewa ƙurar ɗakin ajiya ce. Auta ta ce ita wannan hannun ta san shi, shi ya yi mata kitso har ta yi wayo, kanta bai manta ba.

Da zai tafi na ce ya ɗauki nasa. Ya tsaya gabansa ya daɗe. Ya ce a'a, an riga an ba ni shi, ba ya komawa gida da tsufansa. Ya gyara masa zama. Auta ta kafa ƙusa a gefensa.

Alhamis, da sassafe

An hana ni karyawa. Auta tana waje tana faɗa da mai mota.

Na shiga falo na gaishe da zanen duka biyu, nata da na Dogo. Na ce wa Dogo ya yi haƙuri, yau ba shi ne na farko ba. Sannan na ja kujera na zauna gabanta na bi layukan ɗaya bayan ɗaya, daga kara zuwa ƙulli, zuwa inda gawayin ya karye. Na rufe ido na gwada. Yana nan. Na buɗe na gyara wuri ɗaya da na yi masa laushi da yawa, na sake rufewa.

Auta, in kin riga likita karanta wannan, ki je makaranta ki gaya wa yarinyar da ake kira Maƙeriya na ce kada ta sassauta.

Likita: lafiya lau. Wannan karon ka yarda.